Injin gashi ya zo, wa zai riƙa auna shi?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili a jaridarmu mai farin jini. Duk sa'ad da aka ƙaddamar da sabon injin gashin ciwon daji, hoto ɗaya kuke buga mana: manya sun jeru, an yanke ƙyalle, an faɗi biliyoyin da aka kashe. Ban taɓa jin ɗan jarida ya tambayi wanda zai riƙa auna hasken da injin ke fitarwa ba.

Bara na yi jinyar gwaggona mako biyar a wani asibitin koyarwa, sankarar mama ce. An zana mata alamu da tawada a ƙirji, aka ce kada ta kuskura ta goge su wajen wanka, har takan ce an mayar da ita allo. Wata safiya aka tsayar da layi, wani saurayi ya turo tankin ruwa ya shige ɗakin injin. Wata dattijuwa a kan benci ta ce, "Mu da muka zo tun asuba, ashe ruwa za a fara gasawa?" Aka yi dariya. Da yake fiziks nake koyarwa, da ya fito sai na tare shi.

Masanin fiziks na asibiti ne. Ruwa yana shan hasken kusan yadda tsokar mutum ke sha, shi ya sa yake tsoma wani ma'auni mai kamar biro a ciki, ya ga ko abin da injin ya ce ya bayar shi ne ya fito. Har zafin ɗakin da nauyin iska sai ya rubuta, domin su ma suna taɓa awon. Da gire ake auna yawan hasken da jiki ya sha: gwaggo gire 2 ake ba ta kullum, kwana 25, jimla 50. Tun 1976 masana suka ce kada kuskure ya wuce kashi 5 cikin ɗari. In ya yi yawa ya ƙone lafiyayyen nama, in ya gaza ciwon ya dawo. Ga shi hasken ba a ganinsa, ba a jin zafinsa a kan gadon. Mahauci in ya tauye maka awo kana iya ganewa. A nan ko likita sai abin da ma'auni ya faɗa masa.

A 1996, a San Hose ta ƙasar Kosta Rika, an sauya wa wani inji ƙwayar kobal, wato ƙarfen da ke fitar da hasken, mai awo ya ɗauki minti 0.3 a matsayin daƙiƙa 30, alhali 18 ne. Majinyata 115 suka sha ƙarin fiye da rabin abin da aka rubuta musu, wasu suka rasu. Wanda ya fi tsorata ni ma na Ingila ne: daga 1982 zuwa 1991 wani asibiti a Sitafodshaya ta Arewa ya yi ta ba mutum kusan dubu ƙasa da ƙima. Shekara tara ba wanda ya lura, tun da babu ƙuna a fata.

Injin kobal kuwa ƙarfinsa raguwa yake yi da kusan kashi 1 cikin ɗari duk wata, don haka lissafin bara ba ya aiki bana.

Hanyar bincike akwai ta. Tun 1969 hukumar makamashin nukiliya ta duniya da hukumar lafiya ta duniya suke aika wa asibitoci 'yan ƙananan ma'aunai ta gidan waya, a haska su, a mayar Ostiriya a duba. A gida muna da NNRA, hukumar sa ido kan harkokin nukiliya ta Najeriya, da cibiyar daidaita ma'aunai a Jami'ar Ibadan.

Roƙona, Edita, in an sake gayyatar wakilinka bikin buɗe cibiyar gashi, ya bar manya su gama jawabi, ya zagaya baya. Ya tambaya masana fiziks nawa aka ɗauka aiki, yaushe aka kai ma'auninsu aka daidaita, kuma wa ya zo daga waje ya duba awonsu. Ya buga mana amsar, ko da a shafin ciki ne.

Naka,
Wani malamin fiziks, Funtuwa