Ina kyautar masu binciken garuruwanmu?

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi kira ga gwamnatocin jihohinmu na Arewa da attajiranmu kan wata magana da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Muna ba da kyauta a musabaƙa, muna bayarwa a gasar rubutu da ƙwallo, duk daidai ne wallahi, to amma ina ta ɗalibin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana digirin digirgir a kan yadda garuruwanmu ke cika suna batsewa?

Ai ba sabon abu ba ne karrama mai bincike. Kamfanin gas na NLNG tun 2004 yake ba da kyautar kimiyya, yanzu ta kai dala 100,000. Marigayi Farfesa Akin Mabogunje ma da binciken birnin Legas ya yi digirinsa na uku a Landan, a 2017 aka ba shi lambar Vautrin Lud, babbar kyautar masana labarin ƙasa ta duniya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. Daga ɗalibi ya fara fa, irin waɗannan yaran namu da ke ABU Zariya da BUK da sauran jami'o'i.

Mu ɗauki Kano. Tsarin da Baturen nan Trevallion ya zana wa birnin na shekara 20 ne, daga 1963 zuwa 1983, yau gari ya cinye Kumbotso da Ungogo ya doshi Gezawa da Dawakin Kudu, kuma da yawan sababbin unguwannin awon igiya ne, mai gona ya yanka fulotai ya sayar, ba a bar hanyar ruwa ba ba a bar filin makaranta ba, wani lungun ko adaidaita sahu ba ta shiga balle motar kashe gobara. Kududdufan da a da suke shanye ruwan sama an cike su da shara an yi gini a kai. A 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dukiyar da sai dai a ce Innalillahi, a Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle Maiduguri ta nutse. In abu ya faru sai a kafa kwamiti, alhali akwai ɗaliban da suka bi irin waɗannan magudanan da ƙafarsu suka auna suka rubuta tun kafin ruwa ya zo.

Na san wani ƙanin abokina da ya yi nasa binciken a kan 'yan garuwa. Tun asuba yake zuwa bakin bohol da littafinsa, yana ƙirga jarka nawa kura ke ɗauka, nawa aka saro nawa ake sayarwa a cikin lungu, ya bi su har ƙofar gidaje yana tambayar matan aure nawa ruwa ke cinye musu a cefane. Duk daga albashinsa na koyarwa, kuɗin mota da buga takardu da ɗaurin kundi, har bashi sai da ya ci. Da ya gama aka ce masa Dakta, aka ɗauki hoto, kundin kuwa yana can laburare da Turanci ƙura ta rufe shi, mai unguwar da ya taimaka masa ma bai san me aka gano ba. Wannan shi ya fi ci min rai gaskiya.

Shi ya sa nake cewa kyautar kar ta tsaya a kuɗi da kambu a ɗakin taro. Duk wanda ya ci a ɗauki nauyin taƙaita bincikensa da Hausa, a karanta a rediyo yadda mai shago da mai garuwa za su ji, sannan a zaunar da shi gaban hukumar tsara birane irin KNUPDA da kwamishinan muhalli da masu unguwannin wurin ya faɗi abin da ya gani su yi masa tambayoyi. Alƙalan kuma su zama malaman jami'a da ƙungiyar masu tsara birane ta NITP, kar a bar 'yan siyasa su sa hannu, in ba haka ba ɗan wane zai cinye. A buɗe ta har ga 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram tunda ambaliya da ƙarancin ruwan sha duk tare muke fama da su.

Kuɗin da za a kashe a shekara bai kai na kwalbati ɗaya da ruwa ke tafiya da shi ba. TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, na nan, 'yan kasuwar Kwari da Singa da ambaliya ko gobara ke taɓa dukiyarsu su ma suna nan, wani ya fara kawai ko da da mutum uku ne a shekara. Allah Ya sa masu abin su gani.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano