Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Muka Kwana a Yaƙi da Sharon

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawan ƙungiya da 'yan'uwa manoman rani, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi a bana. Kusan dukkan ƙarfinmu ya tafi ne a kan sharon, tsutsar da ta cinye tumatir a 2016 har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan nomansa.

Duk wanda yake da lambu a bakin kogin Galma ko na Kubanni a Zariya ya san cewa feshi ya daina biyan buƙata, domin tsutsar tana kutsawa cikin naman ganye inda magani ba ya iske ta, uwarta kuma tana iya zuba ƙwai fiye da 200. Shi ya sa kwamiti ya karkata ga wasu ƙananan ƙwari 'yan dangin zanzaro da ake kira Tirikogirama, waɗanda tsawonsu bai kai milimita ɗaya ba kuma ba sa harbin mutum. Kamar yadda zanzaro yake kai tsutsa ɗakinsa don 'ya'yansa su ci, haka macen wannan ƙwaro take saka ƙwanta a cikin ƙwan sharon, ɗanta ya cinye abin da ke ciki tun kafin a ƙyanƙyashe. Alamar ta yi aiki ita ce ƙwan ya koma baƙi.

Babban aikinmu shi ne koya wa mambobi duba wannan alama. Mun raba gilashin ƙara girma, mun zagaya lambuna da sassafe ana juya ganye, sannan aka riƙa ajiye ganyen da ke da baƙin ƙwai a kwalba da aka rufe bakinta da farin ƙyalle don a ga abin da zai fito. A kuyoyin da aka dakatar da feshin guba aka koma ga ruwan 'ya'yan dogon yaro mun ga baƙin ƙwai, amma inda maƙwabci yake feshi duk mako da wuya a gan su, saboda maganin yana kashe ƙwaron kafin ya taɓa tsutsar. A ra'ayin kwamiti, wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Ko dai fadama ta yarda gaba ɗaya ko a yi wahalar banza. Ƙwaron ma shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da tarko da ƙona karan tumatir bayan tsinka.



Abin da ya rage shi ne samun ƙwaron da yawa. A Nijar manoma suna rataya buhunan da aka kiwata wani ɗan'uwansa a ciki don kare zangarniyar gero, kuma kwamiti zai rubuta wa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya nemi shawara ko za a iya yin irin haka ga tumatir kafin a zuba iri a watan Oktoba.