Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Tara Tsoffin Motocin Wasa na Ƙarfe a Damagaram

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, yayye da ƙanne, ga bayanin abin da ƙungiya ta yi a wannan shekara, a madadin kwamitin gudanarwa. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi da bakinsa a babban taro.

Zaman wata-wata bai yanke ba, sai a watan azumi da muka ɗaga shi kamar yadda muka saba. Muna haɗuwa bayan la'asar a zauren shugaba cikin Birni. Mun samu sabbin membobi daga Mirriya da Magariya da Matamaye, muna yi musu barka da zuwa. A cikin shekarar kuma Allah ya karɓi ran ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ƙungiyar nan. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba iyalansa haƙuri. Bayan an yi sadakar arba'in muka ji cewa akwatin motocinsa ya kusa tafiya hannun masu sayen tsoffin ƙarafa a kilo, domin magada ba su san abin da ke ciki ba, kuma ba laifinsu ba ne. Shugaba ya je da kansa ya zauna da su. Yanzu kayan suna hannun babban ɗansa, an rubuta su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ne ya sa muka buɗe littafin rajista, wanda shi ne babban aikinmu na bana. Kowace mota ana juya ta a karanta abin da aka buga a ƙarƙashinta: sunan kamfani, ƙasar da aka ƙera ta, da lambarta. Sai a rubuta launinta, halin tayoyinta, ko tana da kwalinta, da hanyar da ta bi ta zo hannun mai ita. Da littafin ya fara cika sai muka ga kayanmu ta ƙofa biyu suka shigo garin nan. Mafi yawa na Faransa ne: Dinky da kamfanin Meccano ya ƙera a Bobigny kusa da Paris, da Solido, da Majorette na yankin Lyon, waɗanda suka zo ta hannun ma'aikata da ɗalibai da kantunan Turawa na da. Sauran na Ingila ne, kuma kusan duk wanda aka tambaya sai ya ce daga Kano aka kawo wa mahaifinsa ko shi kansa: Matchbox da kamfanin Lesney ya fara fitarwa a 1953, Corgi da ya fito a 1956 da gilashin roba a tagoginsa, da Dinky na Liverpool, wanda aka fara a 1934 aka rufe masana'antarsa a 1979. Muna roƙon waɗanda ba su kawo nasu an rubuta ba su daure su kawo. Ba za a riƙe wa kowa motarsa ba, a gabansa za a duba a mayar masa.

Maganar da ta fi ɗaukar mana lokaci ita ce ta fenti. Wasu daga cikin matasanmu suna ganin motar da ta kwaile gara a kai ta a kankare a fesa mata sabon fenti ta yi kyau. Dattawa suka ƙi. An yi zama fiye da ɗaya a kan wannan, har murya ta ɗan tashi. Ni dai ra'ayina yana tare da dattawa, kuma ina so a fahimci dalili. Fentin asali gasa shi aka yi a masana'anta, kuma da zarar an kankare shi ba mai iya maido da shi. Kafin a fesa sabo sai an huda ƙusoshin da suka riƙe farantin ƙasa, wanda ya san kaya kuwa da ya juya motar zai gane an buɗe ta, darajarta ta faɗi ke nan. Bayan haka, kwailewar da ke bisa rufi da gefen bodi shaida ce ta hannun yaron da ya tura ta a ƙasar tsakar gida shekaru sittin da suka wuce. Abin da aka tsayar shi ne, motar da fentinta ya saura ko da rabi ba za a taɓa ta ba. Wadda ta zama ƙarfe tsirara mai ita yana iya gyarawa, amma a rubuta a littafi cewa an sake mata fenti, kuma a faɗa wa duk wanda zai saya ko zai yi musaya.

Mun yi zama ɗaya a kan adana kaya. Waɗannan motoci da narkakken ƙarfe ake zuba su cikin mazubi, mafi yawansa tutiya ne da ɗan sanholo kusan kashi 4 cikin 100. Idan dalma ta shiga haɗin tun a masana'anta, bayan shekaru sai ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, ya riƙa marmashewa. An fi ganin haka a kayan da aka yi kafin yaƙin duniya na biyu da 'yan shekarun bayansa, ba shi da magani, kuma laima tana hanzarta shi. Mu nan busasshiyar iska ta taimake mu, amma muna da namu abokan gaba. Zafin bazara yana busar da tayoyin roba har su dare, rana tana cinye jan fenti, gara tana cin kwali, ƙurar hunturu kuma idan aka goge ta da busasshen tsumma sai ta karce fentin. A yi amfani da burushi mai laushi, a raba mota da taga, a ɗaga kwalaye daga ƙasa.

Ranar da ba za mu manta da ita ba a bana ita ce ranar da muka gayyato tsoffin direbobin manyan motoci daga Zango da Sabon Gari. Muka shimfiɗa tabarma, muka jera motocin a tsakiya. Wani baba da idonsa ya fara rauni ya ɗauki Berliet ɗin Sahara na Dinky, wato kwaikwayon babbar motar kamfanin Berliet na Faransa, mai lamba 888, launin rairayi, ya kai shi dab da fuskarsa, ya bi hancin motar da yatsa, sai ya fara nuna mana inda suke rataye salka a jikin irin waɗannan motoci don iska ta sanyaya ruwa, da inda karen mota yake tsayawa da katakon da zai cusa bayan taya. Daga nan hira ta ɓalle. Aka yi maganar jigilar gyaɗa zuwa Kano, da hanyar Agadas ta Tanut, da yadda ake rage iskar taya a shimfiɗa farantan ƙarfe idan mota ta kafe a rairayi. Ɗaya daga cikin malamanmu ya ƙara da tarihin ayarin Berliet da ya ratsa Tenere daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960 da motoci tara ƙirar Gazelle, daga kudancin Aljeriya har Cadi. Aka tuna kuma da itaciyar Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973, wadda yanzu take gidan tarihi na ƙasa a Yamai. Sunan Berliet kansa ya ɓace daga sabbin motoci bayan an haɗe kamfanin da wani kamfanin manyan motoci mai suna Saviem a 1978 ƙarƙashin Renault. Manyan sun ƙare a garejoji an yanka su, ƙananan nan da ke hannunmu ne suka rage da za a nuna wa yaro a ce ga irin motar da kakanka ya tuƙa. Mun ɗauki muryoyin dattawan da izininsu, kuma kwamiti yana ganin wannan aiki ya fi sayen kowace sabuwar mota gaggawa, domin masu ba da labarin suna ta raguwa.

Gargaɗi ga masu saye ta intanet ko ta hannun 'yan uwa da ke waje: kamfanin Atlas ya sake fitar da tsoffin samfuran Dinky da yawa, ƙirar Sin, cikin kwali mai kama da na da. Kaya ne masu kyau, ba haramun ba ne a ajiye su, amma ba tsoffi ba ne, kuma an rubuta haka a ƙarƙashinsu. Wani membanmu ya biya kuɗin tsohuwa ya karɓi sabuwa. Kafin a tura ko dala, a nemi hoton ƙarƙashin motar a kawo a duba tare.

Yaran unguwa da ke ƙera motocin waya da gwangwani sun zo mana sau da dama, muka ba su wuri kusa da namu suka baje kolinsu. Wani ya yi tirela da sitiyari mai juya tayoyin gaba, har dattawan direbobi suka sa masa albarka. Muna tunatar da iyaye cewa tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, kada a bar ƙaramin yaro ya kai tsohuwar mota baki.

Abin da bai samu ba shi ne kabad mai gilashi da muka yi niyyar sa kafinta ya yi mana, saboda kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba. Masu bashi sun san kansu, don Allah su ga ma'aji kafin taro. A shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, muna so a kammala rajista, a samu kabad ɗin, a kuma kai ziyara ga tsoffin direbobin da ba su iya fitowa, musamman na Tanut da Magariya. Duk wanda ya san wani dattijo da ya riƙe sitiyarin babbar mota a zamanin gyaɗa, ya ba sakatare sunan unguwarsu.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.