Kwalin Digiri Yana Shaidar Hali, Amma Wa Ya Auna Halin?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da ake maimaitawa duk shekara a bikin yaye ɗalibai na jami'o'inmu. A ranar, hukumar jami'a kan shelanta cewa ta sami waɗanda ake yayewa sun cancanta ta fuskar hali da ta ilimi, kuma halin ake fara ambata. Ilimin dai an auna shi da jarrabawa shekara huɗu ko biyar, amma halin da aka ba da shaida a kansa, sau da yawa ba a san komai game da shi ba illa cewa ba a taɓa kama ɗalibin da laifi ba.

Masu karatu za su tuna binciken da ɗan jarida Umar Audu ya wallafa a Daily Nigerian a watan Disamba na 2023, inda ya nuna yadda ya sayi digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Jamhuriyar Benin da Togo. Matakin ya dace, sai dai kasuwa ba ta ci sai da masu saye, kuma masu sayen daga gidajenmu suka fito. Tun a sakandare suka saba, a makarantun da ake karɓar "kuɗin taimako" lokacin jarrabawar WAEC da NECO, malami ya tsaya yana rubuta amsa a allo, wani kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙen ko jami'in sa ido na tafe. Yaron da ya ga mahaifinsa ya ƙirga kuɗin da hannunsa, ya ga malamin da ke yi musu nasiha kowace safiya ya riƙe alli yana ba da satar amsa, ya riga ya ɗauki darasin da babu wa'azin da zai goge shi.

A ganina kuskure ne a ɗauki hali da basira a matsayin fannoni biyu, a ce wannan na gida da masallaci ne, wancan kuma na aji. Gaskiya tana cikin karatun kansa. Ɗalibin da ya kwafi amsa ya yi asarar amana, ya kuma yi asarar ilimin a lokaci guda, domin bai san abin da takardarsa ke cewa ya sani ba. An ruwaito cewa mahaifiyar Imamu Malik, da za ta tura shi wurin malaminsa Rabi'a, ta umarce shi da ya koyi ladabin malamin kafin iliminsa, kuma wannan Malik ɗin ne ya shahara da cewa "ban sani ba" a kan tambayoyi masu yawa, duk da mutane na yin tafiya mai nisa domin jin fatawarsa. Makarantun zaure sun gaji wannan tsari, inda malami ke zama da almajiri shekara da shekaru, ya san fushinsa da riƙon amanarsa, kafin ya ba shi izinin karantarwa.

Ba ina nufin kirki kaɗai ya wadatar ba. Ma'aikaciyar jinya mai fara'a wadda ba ta iya lissafin adadin maganin jariri ba za ta yi ɓarna, haka ma injiniya mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya rage rodi da siminti domin aljihunsa. Na biyun ya fi ba ni tsoro, saboda ya san abin da zai biyo baya, ya kuma san yadda zai ɓoye shi a takarda.

Dokar hana maguɗin jarrabawa tana nan tun 1999, kuma ta tanadi ɗaurin shekara 4 ba tare da zaɓin tara ba ga shugaban makaranta ko malami ko mai sa ido da aka samu da hannu a maguɗin jarrabawa, amma abin da muka fi ji shi ne an riƙe sakamakon yara, manyan da suka shirya abin kuwa suna nan a kan kujerunsu. Ina kira ga ma'aikatun ilimi na jihohi da su fara gurfanar da manyan, su janye lasisin makarantun da aka kama, su kuma kare malaman da suka ƙi karɓar kuɗin, don kada masu makarantu su ci gaba da korarsu a kan haka.

Naka,
Wani malamin sakandare mai ritaya,
Zariya.