Wasiƙa daga Atlanta kan maganar aurena

Aminina,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya iyali, ya Wusasa, ya jikin Baba? Ina fata da sauƙi.

Na san labari ya riga ya iso ka, to gaskiya ne, yarinyar da nake nema baƙar Amurka ce 'yar nan Jojiya, nas ce, tana cikin mawaƙan cocinsu. Mama ta kira ni ta WhatsApp tace ita ba ta ƙi ba amma ina asalinta, su waye danginta, wai ance jikokin bayi ne. Maganar nan ta tsaya min a ƙirji sosai.

Ka san mu a gida ba ruwanmu da launin fata, kai Bahaushe ne ko Bajju ko Berom, abinda muka sha dai shine "Bahaushe kuma Kirista?" Nan kuwa in ka je cike fom ni da ita akwati ɗaya ne, baƙi, ba mai tambayar garinku, kuma har cikin coci abin ya shiga. Cocinsu AME, wato African Methodist Episcopal na baƙaƙen Amurka, an kafa shi a 1816 a Filadelfiya ne bayan turawa sun tayar da baƙaƙe daga durƙuso suna tsakiyar addu'a a cocin turawa, su Richard Allen, wanda ya kafa AME ɗin, suka fice. Southern Baptist kuma, ɗarikar Baftis ta kudancin Amurka, a nan Jojiya aka kafa ta a 1845 kan rigimar mallakar bayi, sai 1995 suka nemi gafara. Aure tsakanin fari da baƙi ma sai 1967 kotun ƙoli ta soke haramcinsa a jihohin da suka rage.

Ranar Lahadi bayan sujada kakarta ta ɗauko min tsohon Littafi Mai Tsarki na gidansu, bangon duk ya ɓare an manne da salatif, shafin farko sunayen haihuwa da aure da mutuwa ne da hannu daban daban, tana bi da yatsa tana faɗa min wannan waye wancan waye har sunayen suka ƙare, tace kafin ƙidayar 1870 gwamnati ba ta rubuta bayi da suna, sai shekaru da launi a ƙarƙashin sunan ubangidansu. To asalin da Mama ke nema ba su suka yar ba, ƙwace musu aka yi, ni kuma ba zan ƙara musu wannan ciwon da bakin uwata ba.

Don Allah ka je wajen Mama, tana jin maganarka, in da hali ka tafi da Rabaran. Ku karanta mata Littafin Ƙidaya 12 inda Maryamu da Haruna suka soki Musa kan matarsa Bakushiya, 'yar ƙasar Kush a Afirka, da Galatiyawa 3:28, babu bawa babu ɗa. A hankali dai, kar ta ga kamar an zo mata wa'azi. Muna so mu zo gida da Kirsimeti ta ganta ido da ido.

Ka gaida madam da yara.

Naka amini.