Daga Berlin, kan maganar Auta da kiɗansa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da su Umma da Baba. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi, sai sanyi da ya fara kama jiki.

Saƙonka ya iso kan maganar Auta. Ka ce ya duƙufa a kan kwamfuta yana haɗa kiɗa marar waƙa, har yana cewa zai buɗe kamfanin faifai nasa, ka ce in ja masa kunne. Zan yi magana da shi, amma ka fara saurarata. Ka san aikina a nan: ma'ajiya ce da muke karɓar faifan garmaho daga ƙananan kamfanonin kiɗa, mu jera a kwali, mu aika wa shaguna a ƙasashe daban-daban. Abin da yaron nan yake mafarki, kullum yana ratsa hannuna.

Akwai wani kamfani a garin nan, Tresor, da nake so ka ji yadda ya taso. Bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989, tsakiyar gari ta cika da gine-ginen da ba mai kula da su. Wani mutum, Dimitri Hegemann, da abokansa suka gano ɗakin ajiyar kuɗi a ƙarƙashin ƙasa, ragowar tsohon kantin Wertheim, ga ƙofofin ƙarfe, ga akwatunan ajiya duk sun yi tsatsa. A 1991 suka mayar da shi gidan rawa, samarin gabas da na yamma, waɗanda katanga ta raba tun kafin a haife su, suka fara haɗuwa a ciki. A shekarar dai suka kafa kamfanin faifai da sunan wurin.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda suka fara bugawa. Kiɗan da suke bugawa, tekno, wato kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura, baƙaƙen fata ne na Detroit a Amurka suka ƙirƙiro shi, su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, da ƙananan na'urorin kiɗa na kamfanin Roland, a garin da masana'antun mota suka durƙushe. A ƙasarsu ba a cika damuwa da su ba. Faifan Tresor na farko, X-101, aikin ƙungiyar Underground Resistance ne, wato Mike Banks da Jeff Mills da Robert Hood, mutanen da suka yi suna wajen ƙin miƙa wuya ga manyan kamfanoni. Sun amince da wannan ƙaramin kamfani na Jamus, suka riƙa zuwa Berlin suna kiɗa a ɗakin nan, faifansu na fita ɗaya bayan ɗaya. Gidan rawa na tallata faifai, faifai na jawo baƙi gidan rawa. Daga baya makaɗan Birmingham ta Ingila irin su Surgeon suka shigo, sunan ya ƙara nisa.

An rufe ɗakin a 2005 da aka sayar da filin, amma kamfanin bai mutu ba, domin dukiyarsa faifan da ya tara ne da kuma yardar makaɗa. A 2007 suka sake buɗewa a cikin tsohuwar tashar wutar lantarki. Daga baya aka kai ƙofar ƙarfen nan ta asali Humboldt Forum, wani gidan tarihi a nan Berlin, don nuna wa masu yawon buɗe ido, kuma a 2024 Jamus ta sa tekno na Berlin cikin jerin al'adunta da ake taskancewa. Ni ba mai zuwa gidan rawa ba ne, ka sani, amma da na tsaya gaban ƙofar nan sai da abin ya taɓa ni.

To, ga inda Auta bai sani ba. Yawancin kamfanonin da muke ɗaukar kayansu mutum ɗaya ne ko biyu, a ɗakin kwanansu. Kafin faifai ya fito sai an biya mai gyara sauti, an biya masana'antar da za ta buga, an jira watanni, an saurari faifan gwaji, in akwai matsala a sake. 'Yan ɗaruruwa kawai ake bugawa. Mai rarrabawa irinmu ya cire kasonsa, mai shago ya cire nasa, abin da ya rage bayan an mayar da uwar kuɗi shi ake rabawa da makaɗi, sau da yawa rabi da rabi. Kuɗin sauraro ta intanet kuwa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa da yawansu suke sayarwa kai tsaye ta Bandcamp, wani shafin intanet na sayar da kiɗa, suna kuma riƙe da wani aikin da rana. Ina ganin kwalayen da suka shekara a kan kanta ba wanda ya tambaya. Ina kuma ganin kamfanin da faifansa ke ƙarewa tun kafin ya iso, domin masu shaguna sun san mai shi ba ya sa sunansa a kan abin da bai gamsu da shi ba. Samun wannan shaida na cin shekaru.

Saboda haka, Yaya, ina roƙonka kada a ƙwace masa kwamfutar. Yaron yana da kunne, tun yana ƙarami na lura. Sharaɗina dai kada ya bar makaranta, kuma kada ya sa hannu a kowace takarda da wani zai turo masa ta intanet sai na karanta. Yara da yawa a haka suke sallama haƙƙin mallakar aikinsu har abada a kan kuɗi kaɗan. Maganar kamfani kuma ya dakata tukuna. Ya zaɓi kiɗa uku da ya fi yarda da su ya turo mini, akwai abokin aikina DJ da zai saurara ya faɗa masa gaskiya.

A gaida Umma da Baba, a ce ina neman addu'a. A gaida matarka da yara. Ka ce wa Auta ya kira ni ranar Lahadi da yamma.

Ƙaninka.