A Duba Fitilun Bayan Tsofaffin Motocinmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani abu da na daɗe ina gani a bakin aikina, wato halin da fitilun baya da na birki suke ciki a tsofaffin motocin da har yau suke bin hanyoyinmu na arewacin Kamaru da Chadi. Sana'ata gyaran wutar mota ce, a nan Garwa na koya kuma a nan nake yi, kuma a tsawon shekarun da na yi a wannan aiki, masu motar da suka zo wurina takanas saboda fitilar baya ba su taka kara sun karya ba. Wanda fitilarsa ta gaba ta mutu, a ranar zai zo, domin shi ne ba ya ganin hanya. Ta baya kuwa sai ta yi wata da watanni a mace bai sani ba, tunda shi yana zaune a gaba, kuma wanda zai sha wahalarta wani bawan Allah ne da yake biye da shi a cikin duhu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a hunturun da ya wuce. Muna dawowa daga Figil bayan sallar magariba, ƙanena yana tuƙi, hazo ya sauko har fitilarmu ba ta cin nisa. Ba mu ankara ba sai ga wata Peugeot 404 a-kori-kura a gabanmu, shaƙe da buhunan albasa, ta rage gudu saboda rami. Fitilarta ta baya ɗaya ce take ci, ita ma kamar garwashin da toka ta rufe, ta birki kuwa babu ko alamarta. Allah ne ya kiyaye, ƙanena ya karkata zuwa gefen hanya, muka tsaya a cikin ciyawa jikinmu yana rawa. Direban dattijo ne mai mutunci, ya sauko yana ba mu haƙuri. Na ce masa: "Baba, don Allah zo ka tsaya nan bayan motarka, yaronka ya taka birki ka gani da idonka." Yaron ya taka har sau uku, babu abin da ya kama. Dattijon nan ya dafe kai yana salati, ya ce rabonsa da ya tsaya a bayan motarsa tana kunne da dare har ya manta. Da na kwance murfin fitilar da hasken wayata, sai na tarar ƙwan lafiyarsa lau, wayar da take mayar da wuta jikin mota ce, wadda muke kira mas, tsatsa ta cinye wurin da aka ɗaure ta. Na kankare wurin da bakin sukundireba, na ƙara ɗaurewa, fitilun suka kama. Aikin bai kai minti goma ba.

Ba ina kira a kawar da waɗannan motoci daga hanya ba ne, kuma ba zan goyi bayan mai wannan kira ba. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 ta biyo baya a 1968, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, shi ya sa kayan gyaranta ba su yanke a kasuwanninmu ba. Su da tsofaffin Land Rover da Land Cruiser ne suke kai hatsi da albasa da marasa lafiya daga ƙauyukan da sabuwar mota ba za ta yarda ta shiga ba. Akwai kuma waɗanda suke riƙe da su don ƙauna da tunawa, ni ma ina cikinsu, domin 504 ɗin da mahaifinmu ya bari tana nan a gidanmu, kuma ba na jin akwai kuɗin da zai sa mu rabu da ita. Sai dai dole mu yarda cewa an ƙera su ne don wani zamani. Fitilunsu na baya ƙanana ne, suna can ƙasa, kuma a yawancinsu ƙwai ɗaya ne mai zare biyu yake yin aiki biyu: ƙaramin zare mai wat 5 na fitilar dare, babba mai wat 21 na birki. A yau kuwa abin da yake biye da su motocin safa ne masu gudu, da tireloli da suke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Kuseri da Njamena, waɗanda direbobinsu suke zaune can sama, idanunsu kuma sun saba da fitilun motocin zamani masu haske sosai.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da take gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa ɗaya. Idan direban da yake baya ya yi jinkirin daƙiƙa biyu kafin ya gane cewa na gabansa ya taka birki, ya riga ya ci mita 50 ƙafarsa ba ta taɓa birki ba. Duk wanda ya taɓa saukowa gangaren dutsen nan da ake kira falez, tsakanin Ngaundere da Mbe, da dare ya san cewa a wasu kwanonin ba a samun wannan tazarar.

Abin da nake so masu tsofaffin motoci su fahimta shi ne, yawancin fitilun nan ba su ba da ko hasken da aka ƙera su da shi tun farko, kuma dalilin farko raunin wuta ne. Wutar da ta taso daga batir sai ta bi ta fis, wato ɗan abin nan da yake ƙonewa ya yanke wuta idan ta yi yawa, ta bi ta makunnin birki, ta bi doguwar waya har bayan mota, kuma a motar da ta shekara arba'in kowace mahaɗa ta yi tsatsa ko ta saki, kowacce kuma tana cin rabonta. Ƙwai mai zare ba ya yafe wannan ko kaɗan: idan wutar da take isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yana raguwa da kusan kashi 30 cikin 100. Na sha auna wuta a kan batir in samu ta haura bolt 12, in je bayan mota in auna a mazaunin ƙwai in tarar da ƙyar ta kai 10. Mai irin wannan mota zai canza ƙwai sau goma bai ga bambanci ba. Maganin shi ne a bi mahaɗun nan ɗaya bayan ɗaya a kankare su, a ja sabuwar wayar mas daga kowace fitila zuwa ƙarfe mai tsabta a jikin mota, in ta kama kuma a sa rile, wato ɗan makunnin da wuta ce take kunna shi, domin wutar birki ta zo kai tsaye ba tare da ta ratsa tsohon makunni ba. Alamar mas da ya lalace sananniya ce ga duk mai lura: a kunna sigina sai fitilar birki ta riƙa ƙyaftawa tare da ita, ko a taka birki sai fitilar dare ta dushe.

Bayan wuta sai ita kanta fitilar. Ranar da muke sha a Garwa da Marwa tana cin jar robar murfin har ta koɗe ta yi fari-fari ko ta tsattsage, ƙura kuma ta shiga ta kwanta a ciki. Kwanon da yake bayan ƙwai, wanda aikinsa shi ne ya tattaro haske ya turo shi waje, yakan yi tsatsa ya koma baƙi, sai ya shanye hasken maimakon ya mayar da shi. Wanke murfin da ruwa da sabulu ciki da waje, da shafa wa kwanon farin fenti mai ƙyalli, suna sauya fitila fiye da yadda mutum zai zata. Murfin da ya koɗe kuwa canza shi za a yi. Ina roƙon 'yan'uwana masu gyara su daina liƙa jar leda a kan fitilar da ta fashe, su kuma daina cusa ƙwai mai zare ɗaya a mazaunin mai zare biyu don kawai shi ne a hannu. Ƙwai mai zare biyu ƙusoshinsa biyu ba a daidai suke ba, an yi haka ne da gangan domin kada ya shiga a juye, amma na sha ganin an danna shi da ƙarfi, fitilar dare ta koma mai haske, ta birki ta koma maras ƙarfi, wanda yake baya ya kasa bambance tafiya da tsayawa.

Akwai kuma makunnin birki. A wasu tsofaffin motoci matsin man birki ne yake kunna shi, kuma idan ya tsufa ba ya kamawa sai an taka da ƙarfi, ta yadda direba zai riƙa rage gudu a hankali fitila ba ta ce komai ba. Ana iya maye gurbinsa da makunnin da ake ɗaurawa a jikin feda, wanda yake kamawa da zarar ƙafa ta taɓa.

Game da ƙwayayen zamani marasa zare da ake kira LED, waɗanda suka cika kasuwa yanzu, ra'ayina shi ne suna da amfani na gaske, amma ba kowanne ba. Amfaninsu shi ne suna kamawa nan take, alhali zaren tsohon ƙwai yana bukatar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya yi zafi ya ba da cikakken haske, wanda a gudun kilomita 90 ya kai mita 5, wato fiye da tsawon ita kanta 504. Ba sa kuma jan wuta da yawa, don haka tsofaffin wayoyi suna samun sauƙi. Amma wanda zai saya ya sayi ja, domin farin LED a bayan jan murfi haskensa yakan fito a koɗe, tunda murfin jan haske kaɗai yake bari ya wuce, farin LED kuwa jan da yake cikinsa kaɗan ne. Ya kuma nemi mai haskawa ta kowane gefe domin ya cika kwanon, sannan kafin ya biya ya tsaya daga nesa da rana tsaka ya tabbatar akwai bambanci bayyananne tsakanin hasken dare da na birki, saboda a nan ne masu araha suke gazawa. Idan aka sa su a sigina, tsohon abin ƙyaftawa yakan rikice saboda ƙarancin wutar da suke ja, sai an canza shi da na zamani. Waɗanda suke walƙiya da launuka iri-iri, shuɗi da kore, waɗanda samari suke ƙawata motoci da babura da su, ba su da wuri a bayan abin hawa, domin ja kaɗai direba ya sani a matsayin alamar tsayawa.

Gyaran da na fi ba da shawara a kansa, bayan an daidaita na asali, shi ne ƙara fitilar birki ta uku a sama, a tsakiyar gilashin baya, ko a kan ƙarfen rumfa idan a-kori-kura ce. Amurka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci tun daga samfurin 1986, Turai kuma ta bi sahu a 1998. Binciken da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta fitar a 1998 ya nuna cewa a tsawon lokaci ta rage karo ta baya da kimanin kashi 4 cikin 100. Wani zai ce wannan kaɗan ne, amma a can ana magana ne a kan motocin da sauran fitilunsu suke aiki. A wurinmu, inda ƙura take rufe fitilun ƙasa, kaya kuma yakan sauko ya lulluɓe su, sau da yawa ta saman nan ce kaɗai za a gani. Ga masu kishin kada a ɓata wa motar gado siffarta, ina tabbatar musu cewa na sa wa ta mahaifinmu ba tare da na huda ko'ina ba, kuma ana iya cire ta a duk lokacin da aka so.

Kada kuma a raina jan abin nan mai mayar da haske da ake liƙawa a baya, domin shi ba ya bukatar batir. Motar da ta mutu a kan hanya da dare wutarta takan mutu tare da ita, kuma ganyen da muka saba zubawa a kan kwalta ba a ganinsa sai an zo kansa.

Ina kira ga masu binciken lafiyar motoci da jandarmomin da suke kan hanya da su riƙa zagayawa bayan mota suna sa direba ya taka birki, kamar yadda suke duba takardu, kuma inda aka samu matsala a nuna wa mutum ya gyara a garin da yake gaba. Amma na fi sa rai ga shugabannin direbobi a tashoshinmu na Garwa da Marwa da Gidar da Kuseri, domin su ne suke ganin kowace mota kafin ta tashi. Idan suka mayar da shi ƙa'ida cewa motar da za ta yi tafiyar dare ba za ta fita ba sai ɗan kamasho ya tsaya a bayanta, direba ya kunna fitila, ya taka birki, ya gwada sigina dama da hagu, an kuma goge murfin da tsumma, abin ba zai ci minti ɗaya ba. Mu masu gyaran wuta kuma, duk motar da ta shigo hannunmu, ko don wani aiki dabam ta zo, mu duba bayanta kafin mu miƙa makulli. Ni dai tun daren nan na hanyar Figil haka nake yi a garejina, kuma ba na karɓar ko sisi a kan dubawar.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu.

Naka,
Mai gyaran wutar mota,
Garwa, Kamaru.